Zane-zanen Bangon Tashar Jirgin Ƙasa ta São Bento a Ƙasar Fotugal

Gabatarwa

Tashar São Bento tana tsakiyar birnin Porto da ke arewacin Fotugal. Tana daga cikin tsofaffin tashoshin jirgin ƙasa da suka yi suna saboda zane-zanen da aka ƙawata zaurenta da su domin amfanin jama'a baki ɗaya. Har yanzu jirage suna tashi daga nan zuwa garuruwa kamar Braga, Guimarães da Aveiro, kuma ba a biyan ko kwabo kafin a shiga zauren a kalli zanen.

Tarihin ginin

A dā wurin gidan ibada ne na mata Kiristoci masu zuhudu. Bayan rasuwar ta ƙarshe daga cikinsu a shekarar 1892, aka rushe gidan. Sarki Carlos na Ɗaya ya aza harsashin tashar a 1900, bisa tsarin da masanin gini José Marques da Silva ya zana, aka buɗe ta a 1916.

Mai zanen da kayan aikinsa

Jorge Colaço, wanda aka haifa a birnin Tanja na ƙasar Maroko a 1868, shi ne ya yi zanen. An yi amfani da tayil kimanin 20,000, akasarinsu masu launin shuɗi da fari. Mutanen ƙasar suna kiran irin wannan tayil azulejo, kalmar da ta samo asali daga Larabci. Da yumɓu ake yin sa, a shafa masa ruwan ƙyalli, a yi zane a kai, sannan a gasa shi da wuta mai ƙarfi. Gashin ne ke hana launin kodewa, ko da hayaƙi da danshi sun taɓa shi. Kowane tayil yana ɗauke da ɗan yanki kaɗan na hoton, sai an jera su daidai a bango hoton yake fitowa.

Abin da zanen ya ƙunsa

Manyan hotunan suna ba da tarihin ƙasar. Akwai arangamar Valdevez ta wajen 1140, da shigowar Sarki João na Ɗaya birnin Porto tare da Philippa, gimbiyar Ingila da ya aura a 1387, da kuma cin birnin Sabta da ke gaɓar Arewacin Afirka a 1415. Wani hoton yana nuna Egas Moniz, wanda tarihin baka ya ce ya kai kansa da iyalinsa gaban Sarkin León da igiya a wuya, domin ubangidansa ya saɓa alƙawarin da shi ya tsaya masa a kai.

Ba a bar talakawa a baya ba. Ƙananan hotuna suna nuna manoma a lokacin girbi, da masu tsinkar inabi, da keken shanu, da jiragen ruwa a kogin Douro, da bukukuwan ƙauye. Can sama kuma akwai jerin zane mai launuka iri-iri da ke nuna yadda hanyoyin sufuri suka sauya har zuwan jirgin ƙasa.

Muhimmancinsa

A lokacin da aka buɗe tashar, mafi yawan mutanen Fotugal ba su iya karatu ba. Saboda haka baƙauyen da ya sauka a nan yana ganin tarihin ƙasarsa da idonsa, ya kuma ga sana'arsa a bango ɗaya da sarakuna. A 1996 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Porto, inda tashar take, cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Zanen ya haura shekara ɗari a wurin da dubban matafiya ke ratsawa kullum, domin an zaɓi kayan aiki mai ƙarko tun farko, hukuma kuma ta ci gaba da kula da ginin.