Akwatin wutar kwamfuta: yadda ake gane ya mutu da yadda ake canja shi

Ya mai karatu, wataƙila a ajinku na yaƙi da jahilci, ko a ofishin ƙungiyarku ta manoma, akwai ƴar ƙaramar kwamfuta wadda wani saurayin gari ya harhaɗa da sassan da ya sayo a Maraɗi. A cikinta ake ajiye sunayen mambobi da lissafin bankin cimaka. Wata rana a danna maɓalli, a ji shiru. Fanka ba ta juya ba, fitila ba ta kama ba. Sai hankali ya tashi, a ce lissafin shekara ya salwanta. Sau da yawa bai salwanta ba, yana nan cikin faifan ajiya. Abin da ya mutu shi ne akwatin wuta, wanda masu gyara suke kira alimantasiyo.

Mene ne aikinsa?

Wutar NIGELEC tana zuwa da ƙarfin volt 220. Sassan kwamfuta ba su iya ɗaukar wannan ƙarfi. Akwatin wuta shi ne yake sassauta ta, ya raba ta gida uku, kowane da launin wayarsa: rawaya volt 12, ja volt 5, ruwan lemo volt 3,3. Baƙar waya ita ce hanyar komawar wuta.

Me yake kashe shi?

A Agye da Gazawa da Gidan Rumji, maƙiyansa uku ne: ƙurar hunturu da ke toshe fanka, zafin bazara, da rashin daidaiton wuta. Wutar jihar Maraɗi da yawa daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Ka tuna yadda aka yanke ta a watan Agusta na 2023, ba ta dawo ba sai a 2024, har ofisoshi da yawa suka koma ga janareta. Ɗaukewar wuta ba ta cika yin ɓarna ba. Dawowarta da ƙarfi, ko hawa da saukar wutar janareta, su ne ke ƙona akwatin.

Akwai kuma kuskuren hannu. Tsofaffin akwatuna suna da ɗan jan maɓalli a baya, an rubuta 115 da 230. Wanda ya fito daga Amurka yakan zo a kan 115. Idan ka sa shi a wutarmu ba ka mayar da shi 230 ba, nan take zai yi ƙara ya ƙone.

Tabbatar kafin ka kashe kuɗi

Fara da abu mai sauƙi. Gwada soket da cajar wayar salula. Canja igiyar wuta. Duba maɓallin baya, ya kasance a kan I, ba a kan O ba. Mutane da yawa sun biya kuɗin mota har Maraɗi saboda igiyar da ɓera ya ci.

Idan duk wannan lafiya, cire igiya daga bango, ka buɗe murfin kwamfutar, ka zare duk wayoyin akwatin daga sassanta. Ɗauki babban kan da ke shiga uwar allo, mai ramuka 24, ko 20 a tsofaffi. Za ka ga koriyar waya guda ɗaya tak. Haɗa raminta da na wata baƙar waya da guntun waya, sa'an nan ka mayar da igiya bango. Idan fanka ba ta motsa ba, galibi akwatin ya mutu. Idan ta juya, da sauran rai, amma sai mai gyara ya auna rawaya da ja da mita, domin akwati yakan juya fanka alhali wutarsa ba ta cika ba.

Abu ɗaya ne ba za ka yi ba, ko da wa ya ce maka: kada ka buɗe akwatin kansa. A cikinsa akwai sassa masu riƙe wuta bayan an cire igiya, kuma ƙarfinta ya isa ya kashe mutum.

Sayen sabo

Tafi kasuwa da tsohon a hannunka. Ƙaramar kwamfuta ba ta ɗaukar babban akwatin ATX mai faɗin santimita 15. Nata yakan zama SFX, ko TFX mai siffar doguwa. Duba lambar wat a jikin takarda, kada sabon ya gaza tsohon. Ƙirga kawunan wayoyi. Ka kula, wasu akwatunan da aka ciro daga Dell ko HP suna da nasu tsarin wayoyi dabam, suna iya lalata uwar allo. In na hannu ne, a gwada shi a gabanka. Ɗaga shi kuma ka ji: wanda ba shi da nauyi, sau da yawa an rage masa kayan ciki.

Ɗaurawa

Kafin ka zare wayoyin tsohon, da ma ka ɗauki hotonsu da salula. Taɓa ƙarfen jikin kwamfutar kafin ka taɓa uwar allo. Kwance noti na baya, ka fitar da tsohon, ka kaɗe ƙura da busasshen buroshi, ka ɗaura sabon. Kowane kai ta fuska ɗaya yake shiga. In ya ƙi, juya shi, kada ka tilasta. Wanda aka fi mantawa shi ne ƙaramin kai mai ramuka 4 ko 8 kusa da ƙwaƙwalwar na'ura. In ba shi, fanka za ta juya amma allon kallo ba zai nuna kome ba.

Da ta tashi, fara kwafe lissafin ƙungiya a kan ƴar sandar USB. Sa'an nan ku nemi na'urar daidaita wuta, ku ɗora kwamfutar a kan tebur nesa da ƙasa, ku riƙa cire igiya duk lokacin da aka ɗauke wuta ko hadari ya taso.

A ƙauyen da ake aiki da hasken rana, akwai ƙaramin akwati mai karɓar wuta kai tsaye daga batir. Nemi wanda aka rubuta yana jure hawa da sauka, domin batir mai volt 12 yakan haura 14 da tsakar rana, lokacin da yake shan caji.