Tarihin tauraron da ke sa rubutu ya yi kauri a WhatsApp

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, na wata dabara da kake amfani da ita kusan kullum.

Ka san dai idan ka sa kalma tsakanin taurari a WhatsApp, kamar *gobe*, tana fitowa da kauri. Idan kuma layin ƙasa ka sa, _gobe_, sai ta karkace. To ba WhatsApp ne ya ƙirƙiro wannan ba. A 2016 ya ƙara shi a manhajarsa, amma al'adar ta girme shi nesa ba kusa ba.

Lokacin da imel ba ya ɗaukar komai sai haruffa zalla, babu kauri babu launi, mutane kan kewaye kalma da tauraro don mai karatu ya gane nan aka jaddada. Kwamfuta ba ruwanta da alamar, idon mutum ne ke fassara ta. Da Tim Berners-Lee ya fito da HTML a farkon shekarun 1990, an samu hanyar tsara shafin intanet, sai dai da wahala. Kafin kalma ɗaya ta yi kauri sai ka rubuta <b> a gabanta, ka rufe da </b> a bayanta. Ka manta rufewa, duk abin da ya biyo baya ya yi kauri.

A 2004 wani marubuci Ba'amurke, John Gruber, da taimakon Aaron Swartz, ya fitar da Markdown. Ya ɗauko waɗancan alamomin na imel, ya sa manhaja tana mayar da su HTML. Alamar # a farkon layi ta zama kanun rubutu, ƙaramin jan layi ya zama jeri, taurari biyu kauri, tauraro ɗaya karkacewa. Burinsa shi ne rubutun ya karantu ko da ba a juya shi ba. GitHub da Reddit da Stack Overflow duk suka ɗauka.

Amma sauƙin ga wa? Ga gwani abin kamar shan ruwa ne. Sabon shiga kuwa sai ya haddace alamomin, kuma ba ya ganin yadda rubutun zai fito sai ya gama.

Wikipedia ta fi kowa ɗanɗana wannan matsala. Tun kafuwarta a 2001 tana da nata alamomin: waƙafin sama uku don kauri, baka mai kusurwa biyu don haɗa shafi da shafi. Mutum zai ga kuskure, ya danna gyara, ya tarar da alamomi birjik, sai ya ja da baya. Daga 2007 yawan masu gyara a Wikipedia ta Turanci ya fara raguwa, gidauniyar Wikimedia kuma ta ga alamomin na cikin abin da ke korar sababbi. A Yulin 2013 ta kunna musu VisualEditor, inda kake gyara shafi kamar kana cikin Microsoft Word. Sai dai ya zo da nauyi da kurakurai, har yana ɓata shafuka. Tsofaffin masu gyara suka ce ba su yarda ba. A Satumbar shekarar aka mayar da shi sai wanda ya so ya kunna. Daga baya an inganta shi, yanzu hanyoyin biyu suna nan tare, har a Wikipedia ta Hausa.

Slack, manhajar hirar ma'aikata, ta faɗa irin wannan rami a ƙarshen 2019. Ta kawo wurin rubutu mai maɓallai, waɗanda hannunsu ya saba da alamomi suka yi ca, cikin 'yan makonni ta ba su zaɓin komawa yadda suka saba.

Ka ga abin da ya fito fili ke nan: in ka ƙwace wa gwani alamominsa zai yi fushi, in ka tilasta wa sabo haddace su zai gudu. Shi ya sa manhajoji suka kama hanyar tsakiya. A Typora da Obsidian, kana rufe tauraro kalmar na yin kauri a gabanka. Google Docs ma a 2022 ya ƙara zaɓin gane alamomin Markdown.

Wayarka ma haka take. Rubuta kalma a WhatsApp, ka danne ta har ta haskaka, ka zaɓi Bold. Duba da kyau, taurarin ne manhajar ta sa maka da kanta. Ta yi maka aikin, ta kuma nuna maka yadda ake yi. A 2024 an ƙara wasu: - da tazara a farkon layi don jeri, 1. don jeri mai lamba, > don kawo maganar wani.

Saura matsala ɗaya da har yau ba ta kau ba: kowa da kiɗansa. A 2014 an fito da CommonMark don a daidaita ƙa'idojin Markdown, amma ba kowa ya bi ba. Tauraro ɗaya a Markdown karkacewa ne, a WhatsApp kauri ne. Wannan ne dalilin da in ka kwafo amsa daga ChatGPT ka liƙa a WhatsApp ko Facebook, sai ka ga taurari da # sun watsu a ciki, kowa ya gane daga ina ta fito.

Maganin ba wuya. Kafin ka tura a WhatsApp, rage taurari biyu su koma ɗaya a kowane gefe, ka goge #, kuma kar ka bar tazara tsakanin tauraro da kalma, in ba haka ba ba za ta yi kauri ba. A Facebook kuwa goge su gaba ɗaya ya fi.

Gwada yanzu a saƙon da za ka tura na gaba. Sai mun haɗu a darasi mai zuwa.