Tarihin Kafuwar Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya

Duk shekara idan 17 ga Mayu ta zagayo, akan tuna da ranar da wakilan dauloli 20 suka hallara a Paris a 1865, suka yi ittifaƙi a kan yadda saƙon tangarahu zai riƙa ƙetare iyaka ba tare da an tsayar da shi an sake bugawa ba. Daga wannan zama mai albarka ne ƙungiyar ITU ta samo asali. Yaƙe-yaƙen duniya sun rage mata kuzari, amma ba su rusa ta ba, har ta tashi daga Bern ta koma Geneva a 1948, Nijeriya kuwa ta shige ta a 1961.

Zamanin da ya fi cancantar yabo, a ganina, shi ne na kwamitinta mai suna CCITT, wanda aka kafa a 1956. A da, sau da yawa injin faks na wani kamfani ba ya fahimtar na wani, sai a 1980 malaman kwamitin suka fitar da ƙa'idojin T.4 da T.30, waɗanda hikimarsu ita ce injuna biyu su fara magana da mafi jinkirin harshe, wato V.21 mai bit 300 a daƙiƙa, kamar yadda baƙo kan yi sallama a zaure kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi. Bayan kowanne ya bayyana iyawarsa sai su hau 9,600, in layi ya yi ƙara su sauko 4,800 ko 2,400. Wannan sassauci ya yi wa layukan kamfanin wayar Nijeriya NITEL rana ƙwarai, domin da shi ne takardar mutumin Pauwa ko Faskari, in ya kai ta birni, takan isa Legas ko Jidda duk da raunin waya.

Gaskiya ne modem na kwamfuta mai jinkiri bai iya aika faks ba, ko da yake wasu irinsa sun san V.21 ɗin, saboda hoton takarda da wata ƙa'ida dabam ake ɗaukarsa. Wannan kuwa ba sakaci ba ne, bambancin aiki ne, daga baya kuma aka haɗa su a na'ura guda.

Faks ya ja baya, amma ITU ta ci gaba da aiki: Hamadoun Touré na Mali ya shugabanci ƙungiyar daga 2007 zuwa 2014, kuma lambar 234 da ɗan Ƙanƙara mazaunin Makka ke fara dannawa in zai kira gida, daga tsarinta ta fito.