Daga Tara Zuwa Tukuici: Haɗa Sana'o'i a Dungeons & Dragons

Idan ka gaya wa sabon ɗan wasa cewa an yi zamanin da wada ba ya zama matsafi, sai ya ce zolaya kake. Amma haka abin yake a 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake zagaye tebur kowa ya riƙe jarumi guda, alƙalin wasa yana jan labari. Sana'o'i uku ne kacal: mayaƙi, matsafi da malamin addini. Wada mayaƙi ne, kuma daga mataki na 6 ba ya gaba. Elf yana da damar zama mayaƙi yau, a fita ta gaba ya koma matsafi, amma an yi masa iyaka a mataki na 4 da na 8. Ɗan'adam kaɗai aka sakar wa mara.

Gygax bai ɓoye dalilinsa ba. Duniyar mutane yake so. Elf na rayuwa ɗaruruwan shekaru, in aka bar shi ya yi ta hawa, wa zai ƙara ɗaukar ɗan'adam? A littafin dokokin wasan na 1978 sai aka bar sauran jinsuna su haɗa sana'a biyu ko uku lokaci guda, ana raba musu maki daidai wa daida, iyakar mataki kuma tana nan daram.

Bugu na uku, wanda Wizards of the Coast ta fitar a 2000, ya rushe iyakar. Kowa ya zama abin da ya ga dama. Sai dai masu tsara shi, Monte Cook da Jonathan Tweet da Skip Williams, sun bar wani ɗan tarko: idan tazarar sana'o'inka ta wuce mataki ɗaya, za a zaftare maka kashi 20 cikin ɗari na maki, ban da sana'ar gadon jinsinka, wadda ba a lissafa ta. Ta wada yaƙi, ta elf tsafi, ta hafilin sata. A ce wadanka matsafi ne a mataki na 5. Ka ƙara masa mataki ɗaya na yaƙi, lafiya lau. Ka ƙara na sata, kowane maki 1,000 ya koma 800, abokan tafiyarka su bar ka a baya. (Nom kuwa, bawan Allah, a gyaran 2003 an canja masa gado daga mai rufa-ido zuwa mawaƙi, ba wanda ya tambaye shi.)

Mu da muka sha zama a tebur mun san yadda ta kaya: alƙalai da dama kawar da kai suke yi, don babu mai son lissafi cikin dare bayan an kashe dodo.

Kamfanin Paizo ne ya gano bakin zaren a wasansa Pathfinder, a 2009. Ka zaɓi sana'ar da kake so, duk matakin da ka hau a cikinta a ba ka ƙarin ɗigon lafiya ɗaya ko na ƙwarewa. A 2010 aka ƙara wa kowane jinsi nasa tukuicin. A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, a 2014, babu ma wannan doka, sharaɗin haɗa sana'a shi ne ka kai 13 a baiwar da ake buƙata.

A ganina Paizo ce ta yi daidai. Alƙalin da ke son wadanni su riƙe gatari, ya ba su lada a kai, ya daina cin su tara.