Daga Karɓa-Karɓar Shanun Huɗa Zuwa Sayen Kwanaki a Makka

Duk wanda ya taɓa kwana a Gammo, ko a wani ƙauye na ƙasar Kabo da Gwarzo, a daren da ruwa ya sauka bayan an daɗe ana duban gabas, ya san cewa kwanakin damina ba darajarsu ɗaya ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1920, sa'ad da Turawan gona suka shiga koya wa manoman Arewa huɗa da garmar shanu, sau da yawa ƙarfin mutum guda ba ya kai wa ga bijimai biyu da garma, sai wa da ƙane su haɗa kuɗin gyaɗarsu su saya, su yi ittifaƙi a kan yau gonar wannan, gobe gonar wancan. Amma da yake ranar da ta biyo bayan ruwa, lokacin da ƙasa ke da danshi, garma na ratsa ta ba gardama, ta fi ranar da ƙasa ta soma tauri, akan ji ƙane ya ce, "Yaya, bara kai ka fara, bana sai a bar mini," wan kuma ya tuna masa wanda ya sayi dusa da harawa duk tsawon rani. Haka ake yi da jakin gado, haka kuma da 'yar fadamar da in an yanka ta tsakanin magada ba wanda zai sami abin kirki, sai a bar ta ɗungurungum, kowa ya noma shekararsa.

Malamanmu na zaure ba su jahilci wannan mu'amala ba, domin duk almajirin da ya kai babin rabo a Muhtasar na Shehu Halil ya tarar da ita da sunan muhaya'a, wato a raba amfanin abu bisa zamani alhali asalinsa yana nan na tarayya. Fuƙaha'u sun kafa mata hujja da ƙissar taguwar Annabi Salihu, wadda aka sanya mata ranar shanta, mutanen gari kuma ranarsu, da kuma yadda sahabbai suka riƙa hawan raƙumi ɗaya bi da bi a tafiyar Badar. Malikiyya sun ɗauke ta tamkar ijara, saboda haka suka sharɗanta a san lokacin, suka yarda abokan tarayya su yi karɓa-karɓar zama a gida har shekaru, amma suka hana a ce kuɗin da abin ya jawo yau na wane ne, na gobe na wane, domin ba wanda ya san abin da gobe za ta kawo, wannan kuwa garari ne.

Turawa sun iso wannan mashaya ta wata hanya daban. A shekarar 1963 aka kafa kamfanin Hapimag a Suwizalan, wanda mai sayen hannun jarinsa ke samun maki kowace shekara, ya biya kwanakinsa da su a gidajen hutun kamfanin. A cikin shekarun nan kuma aka soma sayar da makonni a wani masauki na duwatsun ƙanƙara a Faransa. A 1974 aka kafa RCI a Amurka domin mai mako a wannan gari ya musanya shi da mako a wancan, sannan Disney ya fito da tsarinsa na maki a 1991, Marriott kuma ya koma ga maki a 2010. Da haka abin da ake saya ya yi ta nisa da ido: da fari ɗaki ne sananne a mako sananne, daga baya ya zama mako ba tare da ɗaki ba, daga ƙarshe ya zama lissafi a littafin kamfani, wanda daren da jama'a ke rububi yake cinye shi da yawa, daren da ba kowa kuma ya ci kaɗan.

Inda al'amarin ya shafi Bahaushe kai tsaye shi ne Makka, inda a 2003 kamfanin Munshaat na Kuwaiti ya fitar da takardun haƙƙin amfani a benen Zamzam da ke daf da Harami, a kan filin waƙafin Sarki Abdul'aziz, mai takarda yana da kwanakinsa kowace shekara har shekara 24, ya zauna, ko ya bayar haya, ko ya sayar. Ba sai an faɗa ba, goman ƙarshe na Ramalana ita ce ranar da ta biyo bayan ruwa, kuɗinta ba ya haɗuwa da na watan Safar. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Putrajaya a Malesiya a 2007, ta halatta irin wannan ƙulli, ko dai a matsayin sayen rabo na tarayya ko a matsayin haya, muddin an san abin da aka saya da lokacin amfaninsa.

Saboda haka wajibi ne ga wanda dillali ya kawo wa irin wannan takarda, a Kano ko a Dubai, ya tambaya ko asalin ginin yake saya ko manfa'arsa kawai, da shekarar da haƙƙin zai ƙare, da wanda ke da ikon sauya yawan makin da dare ɗaya ke ci, da makomar makin da bai yi amfani da shi ba. Ya fi kamata ya tsaya a kan kuɗin gyara na shekara-shekara, domin su ne dusa da harawar wannan ciniki, ana biyansu ko an je ko ba a je ba, suna kuma hawa, har sukan bi magada, ga shi sayar da haƙƙin ya fi sayensa wuya nesa ba kusa ba. Tarayyar Turai, da ta ga yawan masu nadama, ta ba mai saye kwana 14 na janyewa a dokarta ta 2008.

Manomin Gammo yana ganin bijiminsa a turke, ya san ƙanensa, in rigima ta taso kuma ga dagaci ga liman, in ta ƙi ci a kora shanun kasuwa a raba kuɗi kafin la'asar. Mai maki ba shi da turke, ba shi da dagaci, sai abin da takarda ta ce, don haka ya karanta ta a gaban malami da lauya tun alƙalami bai taɓa ta ba.