Kebab: tarihin naman tsinke daga Bagadaza zuwa Berlin

Tambayi Baturke asalin kebab, da wuya bai kawo maka labarin mayaƙa ba. Wai a zamanin da, idan dakarun Turkawa suka yada zango sai su yanka nama, su soke shi a takubbansu, su kanga a wuta. Labarin yana da daɗin ji, amma tsinken nama ya riga Turkawa isa yankin da suke a yau da dubban shekaru. A tsibirin Santorini na ƙasar Girka akwai kufan wani gari, Akrotiri, wanda tokar dutse mai aman wuta ta binne fiye da shekara 3,500 da suka wuce. Masu tonon kayan tarihi sun samo a can wasu tagwayen matokarai na yumɓu masu gurabu a jere, inda ake ɗora tsinkunan nama, garwashi a ƙarƙashi.

Sunan kansa ta Larabci da Farisanci ya yaɗu. A ƙarni na 10, Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tattara girke-girken fadar Abbasiyawa ta Bagadaza a littafinsa Kitab al-Ɗabikh, kuma kabab yana ciki, a matsayin naman da aka yayyanka aka soya ko aka gasa. Tsinke ba sharaɗi ba ne a lokacin. Shi ya sa Turkawa ke ƙara "shish" a gaba idan suna nufin na tsinke.

A ganina, rashin itace ya fi takobi bayyana yadda abincin ya kafu. A garuruwan Gabas ta Tsakiya makamashi tsada gare shi, ba kowa ke iya hura wutar da za ta gasa rago sukutum ba. Ƙananan yanka kuwa ɗan gawayi ya ishe su, kuma mai sana'a yana iya sayar wa talaka daidai kuɗinsa. Abincin kasuwa ne tun asali, ko da ya shiga fada daga baya.

Kowane gari ya sa masa hannu. A Adana, kudancin Turkiyya, ba sa kai naman inji. Da wata babbar wuƙa mai lanƙwasa, zirh, ake daddatsa naman rago tare da kitsen jelarsa, a zuba gishiri da jan barkono, a murza. Sai mai gashi ya jiƙa hannu ya lailaya shi a jikin faffaɗan tsinken ƙarfe, yana matsawa da yatsu har shaidarsu ta fito. Idan kitse ya fara tsiyaya, sai ya danna gurasa a kai ta shanye, don kada ya ɗiga a garwashi ya ta da harshen wuta. Mutanen garin ba sa wasa da wannan: a 2005 aka yi wa kebab ɗin Adana rajista a hukumance. Iraniyawa suna cin nasu da shinkafa, Rashawa na kiran nasu shashlik, a Indonesiya kuma sate ne, da romon gyaɗa.

Babban sauyi ya zo a ƙarni na 19 a daular Usmaniyya, lokacin da aka miƙar da tsinken tsaye, aka tara nama fala-fala a jikinsa, wuta a gefe, ana juyawa ana shaftare wanda ya gasu. Birnin Bursa da wani mai suna Iskandar Efendi aka fi dangantawa da wannan salo, döner. Shi ne Larabawan Sham suka mayar shawarma, wadda yau ake sayarwa a titunan Kano da Yamai. Bayan yarjejeniyar 1961, wadda ta kai Turkawa 'yan ƙwadago Jamus ta Yamma, döner ya bi su. A 1972 Kadir Nurman ya buɗe rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa ta Zoo a Berlin yana cusa naman a cikin burodi don masu sauri. Har yanzu ana jayayya kan wanda ya riga wani, amma yau döner na cikin abincin da Jamusawa suka fi ci a tsaye.

To, ina tsirenmu? Baƙi kan kira shi kebab ɗin Afirka, kamar wani reshe ne na abincin Turkawa. Ban yarda ba. Mai tsire yana fere naman falle-falle, ya soke, ya birkiɗa shi a garin ƙuli-ƙuli da yaji, ya yayyafa man gyaɗa, ya kafa tsinkunan kewaye da tukuba, wuta a tsakiya. Wannan dabara tasa ce, kuma mahautan Hausawa ne suka yaɗa ta: suya a Legas, soya a Kamaru, chichinga a Ghana, agashe a Sudan. Abin da ya haɗa shi da na Adana ya zo ne daga wata nahiya dabam, domin barkonon da duka biyun ke taƙama da shi, da gyaɗar ƙuli-ƙuli, daga nahiyar Amurka suka fito, kuma ba su tsallako teku ba sai bayan 1492.