Mima Ta Tokyo Da 'Yan Fim Ɗin Kano: Tarihin Yadda Muke Mallakar Taurarinmu

'Yan uwa mazauna Suleja, Madalla, Zuba da kewaye. Yau zan ɗan kauce daga zancen kasuwa da haya da muka saba, in yi magana a kan wani fim ɗin katun na ƙasar Japan mai suna Perfect Blue, wanda ya daɗe yana yawo a wayoyin samarinmu. Na san manya za su ce me ya haɗa mu da katun. Ku yi haƙuri ku biyo ni, domin ra'ayoyin da nake ji a kan fim ɗin nan sun girme shi a garinmu, kuma suna da tarihi.

Wani mai zane ne, Satoshi Kon, ya shirya fim ɗin a kamfanin Madhouse, daga wani littafi na Yoshikazu Takeuchi. An fara nuna shi a Montreal ta Kanada a 1997, sannan a Japan a 1998. Shi ne fim ɗin Kon na farko, kuma mutumin bai yi tsawon rai ba, ya rasu a 2010 yana da shekara 46. Tun kafin mu je ko'ina bari in ja kunnen iyaye: wannan katun ba na yara ba ne, akwai kisa da tsiraici a ciki.

Labarin wata yarinya ce, Mima, mawaƙiya a wani rukunin 'yan mata uku da ake kira CHAM. A Japan akwai sana'a guda ta irin waɗannan 'yan mata: kamfani ne ke tallar su a matsayin yara masu kunya da ba su san namiji ba, masoya kuma suna sayen faifai da hoto a kan wannan sharaɗi. Sai Mima ta ce ta bar waƙa za ta koma wasan kwaikwayo na talabijin. A can aka ba ta wani mataki na fyaɗe ta karɓa, daga baya kuma ta yarda aka ɗauke ta hotunan tsiraici. Daga nan sai abubuwa suka rikice. Aka aiko da wasiƙa mai bam. Wani shafi ya ɓullo a intanet da sunanta, ana rubuta abin da ta saya a kanti da ƙafar da ta fara saukewa daga jirgin ƙasa, kamar ita ce ke rubutawa. Wani masoyinta mai mummunar fuska yana bin ta duk inda ta sa ƙafa. Aka kashe marubucin wasan, aka kashe mai hoton. Ita kanta ta kai ba ta iya bambance wasa da gaskiya, har tana ganin tsohuwar Mima mawaƙiya tana tsalle a gabanta tana ce mata ke jabu ce.

Waɗanda suka kalla a cikinmu, wasu sun kashe tun a tsakiya don ba su zaci haka daga katun ba. Wasu suna ƙorafin ba a gane inda mafarki ya tsaya. Waɗannan ban damu da su sosai ba, domin shi mai fim ɗin da gangan ya rikita mai kallo. Ra'ayin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda na fi ji: wai Mima ita ta jawo wa kanta, da ta tsaya a matsayinta na yarinya mai kamun kai da babu abin da zai same ta. To, mai karatu, wannan shi ne daidai ra'ayin wanda ke yin kisan a cikin fim ɗin. Kuma mu Hausawa ba daga Japan muka koyo shi ba.

Iyayenmu sun fara son taurari ne da fim ɗin Indiya, wanda Kwarori masu gidajen silima suka riƙa kawowa Kano da Kaduna da Jos tun wajen shekarun 1950. Son ya kai har an raɗa musu sunayen Hausa: Dharmendra ya zama Sarkin Jarumai, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Hotunansu a shagon tela, a bayan bas, a ɗakin saurayi. Amma ku lura, babu wanda ya taɓa cewa a kori wata 'yar Indiya daga sana'arta don ta yi rawa da namiji cikin ruwan sama. Ba 'yar kowa ba ce a nan. Ana kallon ta, a tashi a tafi gida.

Abin ya canza ne da zuwan kaset ɗin bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne mafarin fim ɗin Hausa na kasuwa. Kafin shekara goma, Sangaya na kamfanin Sarauniya, da Ali Nuhu da Fati Muhammad, ya nuna wa kowa irin kuɗin da ke cikin rawa da waƙa. Rawar dai ta Indiya ce, amma mai yin ta yanzu 'yar Hausa ce, ana iya sanin unguwarsu da gidan ubanta. Daga ranar ta tashi daga 'yar wasa ta koma “'yarmu”, kuma duk wanda ya ce 'yarmu yana ganin yana da ikon tsawatawa.

A nan ne nake son mu dubi kanmu mu mazauna nan. Garin nan tun asali na waɗanda suka baro gida ne. Sarakunan Haɓe na Zazzau ne suka yiwo kudu a farkon ƙarni na 19, Abu Ja ya kafa garin a 1828, aka kira shi Abuja, sai bayan an zaɓi wurin sabon babban birni a 1976 garin ya bar wa birnin sunan, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Su 'yan gari ke nan. Mu kuwa iyayenmu ginin Abuja ne ya jawo su daga Kano da Katsina da Sakkwato, musamman bayan gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991, kuɗin haya a birni ya gagari talaka, kowa ya gangaro gindin Zuma. Mahaifina ɗan kasuwar yadi ne, daga Kantin Kwari yake saro kaya, kuma yayyena sun ce sau da yawa a cikin dilar atamfa sabon kaset yake isowa gidanmu. Ga matan da aka auro daga Arewa aka ajiye a gidan haya, maƙwabta Gwari da Ibo da Yarbawa, kaset ɗin nan shi ne gida. A ciki suke ganin sabon ɗaurin ɗankwali, su ji Hausar Kano da ba ta gauraya ba. Yara irinmu da aka haifa a nan, waɗanda Hausarmu ta sha Turancin Buroka, a fim muka fara ganin yadda ake durƙusa wa suruki. Saboda haka 'yar fim a wurinmu ta wuce abin nishaɗi, ta zama fuskar da muke nuna wa maƙwabta mu ce ga mu nan.

Mujallu suka ƙara kusanto da su. Tauraruwa ta Sunusi Shehu ta fito a Kano a 1998, kuma a cikinta aka fara amfani da kalmar Kannywood, tun kafin a san Nollywood. Mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta biyo baya a 1999. Yanzu mai kallo ya san wa ke neman wa, wa ta yi aure, auren wa ya mutu. Akwai kuma wata al'ada tamu da ban ga irinta sosai a wani wuri ba, wato sunan fim ya haɗiye sunan yanka: Rukayya ta zama Dawayya, Jamila ta zama Nagudu, A'isha ta zama Tsamiya. Mima sai da ta kusa zaucewa kafin wasa da rayuwa su cakuɗe mata. Mu tun daga suna muke cakuɗa musu. Sai kuma ƙa'idar da kowa ya sani, cewa 'yar fim in ta yi aure ta gama, alhali namiji yana da mata da 'ya'ya yana ta rawa a daji da budurwa, ba wanda ya ga laifinsa.

Gwamnati ta shigo bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000: aka dakatar da harkar na ɗan lokaci, aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. A shekarar ce kuma wayar salula ta shigo Najeriya, kuma ita ce ta kawo babbar fitinar.

A watan Agustan 2007 wani bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya, na wata jaruma da aka fi sani da sunan fim ɗinta, Hiyana, tare da wani mutum da ba ɗan fim ba, ya fita duniya. Ba fim ba ne, ba don kasuwa aka yi ba, kuma ba ita ta sake shi ba. Ta Bluetooth ya riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya. Ni ina yaro a lokacin, amma yayyena sun ce a tashar mota da bakin kasuwa a nan garin, masu la'antar ta da babbar murya su ne dai masu cewa a tura musu. Yarinyar ta ɓuya saboda tsoron rayuwarta. Ƙungiyar 'yan fim ta kore ta, ta haɗa da wasu. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗaukar fim na wata shida, ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa. A zamaninsa aka ɗaure Adam A. Zango a 2007 kan faifan Bahaushiya, aka ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyantama a 2008. 'Yan fim da yawa suka kwashe kayansu suka koma Kaduna da Jos. Abin mamaki, a daidai wannan lokaci hotonta ya cika bayan motocin haya da baburan acaɓa. Gari guda, a wata guda, ana tsine mata ana kuma liƙa ta a gilashi.

A nan kudu da gida zafin ya ninka, kuma na fahimci dalili. Bahaushe a Kano in abin kunya ya faru, tsakanin Hausawa ne. Mu a nan maƙwabcin shagonka ne zai leƙo da murmushi ya tambaye ka ashe haka 'yan matanku suke. Wannan ciwo gaskiya ne, ban raina shi ba. Haka kuma uwar da ke tsoron abin da 'yarta ke kwaikwayo daga fim tana da hujja. Sai dai ciwon namu ne, mu muka ɗora wa yarinya 'yar shekara ashirin da 'yan kai nauyin mutuncin ƙabila guda ba tare da ta ce za ta ɗauka ba.

An maimaita a Oktoban 2016, lokacin da ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda ta rungumi mawaƙi ClassiQ a bidiyon wata waƙa. Ta ba da haƙuri, ta ci gaba da aiki a Legas. A Nuwamban 2020 ta sa hotuna da rigar da ta bar baya a buɗe, wani can daban ya yi kalaman ɓatanci ga addini a kan hotunan, amma ita aka taso wa, har ta fito a bidiyo tana kuka tana neman gafara. Da na ga wannan bidiyo sai na tuna da Minami Minegishi ta rukunin AKB48 a Japan, wadda a 2013 ta aske kanta ƙwal ta fito tana kuka tana ba masoya haƙuri don an gan ta ta kwana gidan saurayi. Can ba Shari'a, ba Hisba, amma hawayen iri ɗaya ne. A 2016 ma wani masoyi ya daddaɓa wa wata matashiyar mawaƙiya wuƙa a Tokyo bayan ta mayar masa da kyautarsa, abin da ya sa ƙasar ta faɗaɗa dokarta ta hana bibiya ta haɗa da saƙonnin intanet.

Wanda bai kalli fim ɗin ba ya yafe mini, dole in faɗi ƙarshensa. Shi masoyin nan mai mummunar fuska, da kowa ke zargi, kayan aiki ne kawai. Mai rubuta shafin, mai tunzura shi, ita ce Rumi, manajar Mima, wadda ta koya mata kunna kwamfuta, wadda ta fashe da kuka ta fice ranar da ake ɗaukar matakin fyaɗen. Ita ma tsohuwar mawaƙiya ce da zamaninta ya wuce, ta kasa jure ganin yarinyar ta sauya, har ta yarda a ranta cewa ita ce Mima ta gaskiya, waccan kuwa sai an kawar da ita. Duk abin da ta yi, da sunan kare mutuncin Mima ta yi shi. Masu cewa fim ɗin ya rikita su, ina ganin wannan wurin ne bai yi musu daɗi ba, domin mun saba mugu ya zo daga waje da jajayen idanu, ba daga cikin masu cewa 'yarmu ba.

Kon ya tausaya wa jarumarsa. A ƙarshe Rumi tana asibitin masu taɓin hankali, har yanzu tana ganin kanta Mima a madubi, ita kuwa Mima ta zama babbar 'yar wasa, ta zo duba ta, ta shiga motarta ta tafi. Jarumar 2007 ba ta samu irin wannan ba. Ta bar harkar fim tun daga lokacin, shi kuwa Rabo ya ci gaba da riƙe hukumar har zuwa 2011 da gwamnatin Shekarau ta sauka.